Muhawara: Shin tsamin tsoka ne ke kawo ciwon jiki bayan atisaye?

Koci (Fagge):
Assalamu alaikum, mazauna wannan zaure. Ina horar da matasa 'yan ƙwallon ƙafa, kuma akwai wata magana da muka gada daga waɗanda suka horar da mu, wadda nake so masu ilimi a cikinmu su tantance mana ita. An koya mana cewa idan ɗan wasa ya matsa wa kansa da gudu har iska ta yi masa kaɗan, tsokarsa tana fitar da wani tsami mai suna laktik asid, kuma wannan tsamin ne yake kwanciya a cinya da sharaɓa har mutum ya wayi gari yana ɗingishi. Saboda haka duk ranar da muka yi hawan Dutsen Dala nakan umarci yara su gasa ƙafafunsu da ruwan zafi, a yi musu tausa domin tsamin ya narke. Makon jiya ɗaya daga cikinsu, wanda yake karatu a jami'a, ya gaya mini cikin ladabi cewa wannan bayani tsohon yayi ne. Ina so in san yadda tsoka ke samun ƙarfi ba tare da iska ba alhali mutum bai daina numfashi ba, sannan ina so in san mai gaskiya tsakanina da yaron.

Malamar Bayoloji (Gwale):
Wa alaikumus salam, Malam Koci. Bari in ɗauki tambayar farko, domin ita nake koya wa ɗaliban babbar sakandare kowace shekara. Tsoka ba ta cin tuwo ko shinkafa kai tsaye, haka nan ba ta aiki da iska kai tsaye. Abin da take kashewa duk lokacin da ta motsa wani sinadari ne da ake kira ATP, kuma wanda ke ajiye a cikinta bai wuce na daƙiƙa biyu zuwa uku na cikakken gudu ba, don haka dole jiki ya riƙa sabunta shi babu tsayawa.

Abin da ya fi kusa da hannu shi ne fosfokiriyatin, wani sinadari da ke zaune a cikin tsokar, wanda ke mayar da ATP nan take amma yakan yi ƙasa sosai cikin daƙiƙa 10 ko kusa da haka. Bayansa sai gilaikolisis, wato farfasa sukarin gulukos a cikin ruwan ƙwayar halitta ta matakai goma, inda gulukos guda mai kabon shida ke rabuwa gida biyu ya zama fairubet mai kabon uku-uku. Ana kashe ATP biyu a farkon aikin, a samu huɗu a ƙarshensa, riba biyu ke nan, kuma babu inda oksijin ya shiga cikin waɗannan matakai. Idan akwai sarari, sai a shigar da fairubet ɗin cikin maitokondiriya, wato ƙananan ɗakunan ƙone abinci da ke cikin ƙwayar halitta, a ƙarasa shi da oksijin har ya zama ruwa da iskar da muke fitarwa, kuma littafinmu ya ce jimillar ribar takan kai ATP 38.

Gaskiya ne mutum yana numfashi, amma zuciya da huhu suna ɗaukar minti biyu zuwa uku kafin su kai oksijin gwargwadon abin da sabon aiki ke nema, kuma ko sun kai ƙarshen iyawarsu akwai gudun da ya fi ƙarfinsu. A wannan giɓin tsoka ke juya fairubet ya zama laktik asid. Game da tambaya ta biyu kuwa, manhajar da nake koyarwa tana bayanka: tsamin yana taruwa, yana kawo gajiya da ciwo, kuma hakin da mutum ke yi bayan gudu biyan bashin oksijin ne.

Ɗalibin Fiziyoloji (Kabuga):
Malama, Allah ya ƙara ilimi, kin shimfiɗa tabarmar yadda ya kamata. Ina neman izini in yi ƙari a wurare biyu. Ƙididdigar da ake bi yanzu ta fi karkata ga ATP 30 zuwa 32 maimakon 38, domin ana yin asarar wani kaso wajen shigar da kaya da fitar da su ta bangon maitokondiriya. Wannan ƙaramin gyara ne, tunda ko da haka ne hanyar oksijin ta ninka ɗayar sau goma sha biyar.

Babban wurin shi ne dalilin da ya sa ake yin laktet, wato siffar da laktik asid ke zama a cikin jiki, tun farko, domin idan aka fahimce shi za a daina kallonsa a matsayin shara. A tsakiyar gilaikolisis akwai matakin da dole a cire haidirojin a ɗora wa wani sinadari mai suna NAD, kuma NAD ɗin kaɗan ne a cikin ƙwayar halitta. Mu ɗauke shi kamar 'yan dakon Kantin Kwari: idan dukkansu suna ɗauke da kaya a ka, babu wurin saukewa, to ciniki ya tsaya komai yawan masu saye. Maitokondiriya ce ke karɓar kayan a al'ada, amma idan gudu ya yi tsanani ba ta iya karɓa da saurin da ake kawowa, sai a sauke haidirojin ɗin a kan fairubet ya zama laktet, NAD ya koma fanko ya ci gaba da aiki. Ke nan ba laktet ne ya tsayar da ɗan wasa ba, shi ne ma ya ba shi damar ƙara wasu daƙiƙoƙi.

Kuma ba sai oksijin ya ƙare ake yin sa ba. Jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne masu ɗaukar oksijin ɗin, ba su da maitokondiriya ko ɗaya, da gilaikolisis kaɗai suke rayuwa, suna zuba laktet cikin jini dare da rana. Shi ya sa mutumin da ke zaune a inuwa yana shan shayi za a sami laktet kimanin milimol 1 (milimol ma'aunin yawan sinadari ne) a kowace litar jininsa, wanda bayan matsanancin gudu zai iya haura 15.

Baba Mai Ritaya (Yakasai):
Ku yi haƙuri da tsoho ya sa baki, na yi shekaru ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje kafin in ajiye. Wannan abu da kuke magana a kai ya girmi wasanni nesa ba kusa ba, kuma yana cikin ƙwaryar nonon da ake kawo mana daga ruga. Ƙananan halittun da ke sa madara ta yi tsami ta zama kindirmo wannan hanyar suke bi, suna cin sukarin madara su fitar da laktik asid, haka ma waɗanda ke tsamar da kamu. A cikin tsamammiyar madara ne Carl Scheele, mutumin Suwidin, ya fara ware wannan sinadari a 1780. Yis ɗin da ake sa wa burodi da ƙullun waina shi ma gilaikolisis yake yi, bambancin yana ƙarshe ne kawai, domin shi yana mayar da fairubet giya da iskar kabon, iskar ta kumbura ƙullun, giyar kuma mafi yawanta ta tashi a wuta. Louis Pasteur na Faransa ya nuna a 1857 cewa halittu masu rai ne ke tsamar da madara, sannan a 1897 Eduard Buchner a Jamus ya matse yis ya nuna cewa ruwansa kaɗai, babu ƙwaya mai rai a ciki, yana iya mayar da sukari giya. Daga nan aka gane sinadaran da ke cikin ƙwayar ne ke tafiyar da lamarin, aka shiga binsu ɗaya bayan ɗaya. Abin da ke ba ni mamaki har yau shi ne matakan nan goma kusan iri ɗaya ne a jikin ɗan adam da na waɗannan halittu da ido ba ya gani.

Koci (Fagge):
Baba, Allah ya ƙara girma, mun ƙaru. Ɗalibi, na ji bayaninka, amma ni mutumin fili ne. Ka gaya mini wace hanya ce ke aiki a wane wasa, domin a ƙwallo ɗan wasa yakan yi tafiya, ya yi sassarfa, ya kwasa da gudu, duk cikin minti ɗaya.

Ɗalibin Fiziyoloji (Kabuga):
Koci, dukkansu suna aiki tare a kowane lokaci, kason kowacce ne ke sauyawa. Lokacin da Usain Bolt ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a Balin a 2009, mafi yawan ƙarfin daga fosfokiriyatin da gilaikolisis ya fito, domin tseren ya ƙare kafin iskar da ya shaƙa ta yi wani tasiri babba. Inda gilaikolisis ke nuna kanta sosai shi ne mita 400. Wayde van Niekerk na Afirka ta Kudu ya yi shi cikin daƙiƙa 43.03 a Riyo a 2016, ita kuma Falilat Ogunkoya ta Najeriya ta ci tagulla da 49.10 a Atlanta a 1996, kuma ko waɗannan gwanaye sukan rage sauri a mita 100 na ƙarshe, tsokar ta yi nauyi. Da zarar ƙoƙari ya wuce minti ɗaya da ɗoriya, hanyar oksijin ce ke ɗaukar kaso mafi yawa, mai gudun fanfalaki kuwa kusan kacokan a kanta ya dogara.

Ƙwararren ɗan ƙwallo yakan ci kimanin kilomita 10 a wasa guda, akasari da tafiya da sassarfa, amma gajerun gudun da ake cin ƙwallo ko tare ta da su na hanyar da ba ta jiran oksijin ne. Haka ɗan dambe: yana iya daɗewa yana zagaya abokin karawarsa, sannan ya saki duka a jere cikin 'yan daƙiƙoƙi, kuma hutun da ke tsakanin turmi da turmi shi ke ba fosfokiriyatin damar dawowa. Abin lura shi ne da oksijin ake mayar da shi, saboda haka wanda ba shi da juriya zai yi gudun farko da kyau, na biyar kuma ya gagare shi.

Tsokar ma ba iri ɗaya ba ce, kuma ana ganin haka a wurin mai kaji. Naman ƙirjin kaza fari ne domin zaruruwansa na fiffika mai ƙarfi ne na ɗan lokaci, masu dogaro da gilaikolisis, cinyarta kuwa da take yawo a kai wuni guda ta fi duhu saboda yawan maitokondiriya da sinadarin da ke riƙe oksijin. Ƙirjin tattabara ja ne, domin ita tana daɗewa a sama. Mutum yana da nau'o'in biyu a gauraye cikin tsoka guda, wani ya fi wani.

Likita (Tarauni):
Na biyo muhawarar tun safe, sai yanzu na sami sarari. Koci, a kan ciwon washegari da jibi yaronka ne mai gaskiya, kuma lokaci kaɗai ya isa hujja. Laktet yakan koma matakinsa na hutu cikin kimanin awa guda bayan an tsaya, ciwon da kake magana kuwa yakan fara bayan sa'o'i da yawa, ya kai ƙololuwa tsakanin awa 24 zuwa 72. Abin da ya bar tsoka tun kafin yaro ya isa gida ba zai zama shi ne ke hana shi durƙusawa jibi ba.

Abin da ke kawo wannan ciwo shi ne ƙananan raunuka a cikin zaruruwan tsoka da kumburin da ke biyo baya yayin da jiki ke gyara su, kuma sun fi faruwa lokacin da tsoka ke riƙe nauyi tana miƙewa. Ka lura da yaranka a Dala: hawa ne ke sa su haki da zafin cinya, amma saukowa ce ke jawo ciwon jibi, domin a kowane taku cinya tana taka wa jiki birki. Masu bincike sun gwada wannan da gudun gangara, wanda laktet ɗinsa kaɗan ne amma ciwonsa ya fi na gudun fili tsanani.

Laktet ɗin kuma ba a zubar da shi. Mafi yawansa zuciya da tsokokin juriya ne ke karɓa su mayar da shi fairubet su ƙone, wanda George Brooks na Jami'ar Kalifoniya ya yi fice wajen bayyanawa tun shekarun 1980. Wani kason yana tafiya hanta a sake gina gulukos da shi a kan kuɗin ATP shida, zagayen da aka sa wa sunan Carl da Gerty Cori, mata da miji da suka sami kyautar Nobel a 1947. Akwai kuma wata cutar gado da Brian McArdle ya bayyana a Landan a 1951, wadda masu ita tsokarsu ba ta iya farfasa sukarin da ta ajiye, don haka laktet ba ya hauhawa a jininsu idan sun motsa. Da shi ne tushen gajiya da sun fi kowa juriya, amma su ne ke saurin gajiya da ɗaurewar tsoka.

Malamar Bayoloji (Gwale):
Likita, na karɓi maganar ciwon jibi, hujjar a bayyane take. Amma ba zan yarda a wanke tsamin tas ba. Fletcher da Hopkins sun nuna a Kambirij a 1907 cewa laktik asid yana taruwa a tsokar da ta gaji, kuma yana ɓacewa idan aka ba ta oksijin, sannan Hill da Meyerhof sun sami kyautar Nobel ta 1922 a kan aikin da ya ginu kan wannan. Waɗannan ba ƙananan mutane ba ne. Idan ba tsami ba ne, mene ne wannan raɗaɗin da mai gudu ke ji a cinya a daidai lokacin da laktet ke hawa?

Likita (Tarauni):
Malama, ba a rushe aikinsu ba, fassararsa ce aka gyara. Yawancin gwaje-gwajen farko an yi su ne da tsokar kwaɗo da aka ciro daga jiki, babu jinin da ke zagayawa ya kwashe abin da ta fitar, don haka abin da suka gani gaskiya ne a wannan yanayin. A jikin mai rai kuwa, tsoka tana yin tsami da gaske lokacin matsanancin aiki, ban musa ba, ma'aunin pH nata, wanda ke raguwa idan tsami ya ƙaru, yana iya sauka daga wajen 7.0 zuwa 6.5. Sai dai kusan duk abin da muke kira laktik asid a jiki yana zaune ne a siffar laktet, kuma matakin da ke haifar da shi yana ma shanye wani ɓangare na haidirojin ɗin da ke kawo tsamin. Suna hawa tare ne saboda aiki ɗaya ya haife su, shi ya sa laktet ya zama ma'auni mai kyau ko da ba shi ne mai laifin ba. Raɗaɗin da nauyin ƙafa haɗin gwiwa ne: tsamin, da fosfet da ke taruwa daga farfashewar fosfokiriyatin, da fotasiyam da ke fita daga zaruruwan tsoka yana raunana saƙon da ke sa su motsi. Shi ma hakin bayan gudu ba na share laktet kaɗai ba ne, har da mayar da fosfokiriyatin, da zafin jiki da bugun zuciya da ba su sauka ba tukuna.

Ɗan Dambe (Kurna):
Ranka ya daɗe Likita, tunda tsamin gaskiya ne, akwai abokanmu da ke jiƙa kanwa su sha kafin wasa, suna cewa tana kashe shi kamar yadda take kashe tsamin miya. Shin akwai amfani a ciki?

Likita (Tarauni):
Tunanin yana da tushe, amma ban ba da shawarar aikata shi ba. An tabbatar cewa bekin soda mai tsafta, a kan ma'aunin kusan giram 0.3 ga kowane kilo na nauyin mutum, yana ɗan ƙara juriya a wasannin da ke ɗaukar minti ɗaya zuwa 'yan mintuna, kuma ko shi yakan jawo kumburin ciki da amai da gudawa ga mutane da yawa. Kanwar kasuwa kuwa gauraye take da ƙasa da wasu gishirai, babu wanda ya san ƙarfin abin da ya jiƙa, ga kuma lodin sodiyam da ke da haɗari ga mai hawan jini ko ciwon ƙoda.

Tunda an zo nan, akwai abin da ya fi kanwa muhimmanci ga masu horarwa a Kano. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da rukunin jini na AS, kuma galibinsu suna wasa lafiya lau, amma matsanancin gudu babu hutu, a cikin zafin Afrilu da ke haura digiri 40, tare da ƙishirwa, yana haɗa tsamin jini da ƙarancin ruwa, yanayin da ke iya sa jajayen ƙwayoyinsu su lanƙwashe. Yaron da ya ce ƙafarsa ta mutu ko ya zube a fili a tsayar da shi nan take, kada a ce masa rago. Wanda kuma ciwon jikinsa ya zo da kumburi mai tsanani da fitsari mai launin baƙin shayi, asibiti za a kai shi a ranar, domin alama ce ta rugujewar tsoka da ke iya taɓa ƙoda.

Koci (Fagge):
Wannan gargaɗi na ɗauke shi, zan sa kowane yaro ya kawo takardar gwajin jininsa. Amma tausa da ruwan zafi ba zan bari ba, domin idona ya ga suna samun sauƙi, ko da tsamin ba ya nan. Abin da ya rage mini shi ne ko horo yana canza wannan lissafi, ko kuwa kowa da yadda aka halicce shi.

Ɗalibin Fiziyoloji (Kabuga):
Tausa tana rage jin ciwon, babu laifi a ci gaba da ita. Idan kuma ana so laktet ya sauka da wuri tsakanin zagaye biyu na atisaye, sassarfa a hankali ta fi zama wuri ɗaya, domin tsokar da ke motsi tana cinye shi. Horo kuwa yana canza lissafin ƙwarai. Gudu mai tsawo a matsakaicin sauri yana ƙara yawan maitokondiriya da ƙananan jijiyoyin jini cikin makonni, sai saurin da laktet ke fara taruwa a kansa ya matsa gaba, gajerun gudu masu ƙarfi da hutu a tsakani kuma suna ƙara wa tsoka iya jure tsami. Alamar da za ka iya amfani da ita babu na'ura ita ce magana: muddin yaro yana iya faɗin cikakkiyar jimla yana gudu, bai tsallaka iyakar ba. Saukowa daga Dala ma jiki yana sabawa da ita, wanda ya sha ciwo a karon farko zai ji na biyu ya yi sauƙi sosai idan bai bari an daɗe ba.

Malamar Bayoloji (Gwale):
Ni matsalata daban ce da ta Koci. Ɗalibaina za su zauna jarrabawar WAEC da NECO, kuma littattafan da ke hannunsu 38 suka rubuta, sun kuma ɗora gajiyar tsoka a kan laktik asid. Zan ci gaba da gaya musu abin da za su rubuta a takarda, sannan in ware darasi guda a zango mai zuwa in kawo musu batun jajayen ƙwayoyin jini da na masu cutar McArdle. Ɗalibi, idan kana da lokaci ranar wata Laraba, ka zo ka yi musu bayanin NAD da bakinka, zan nemi izinin shugaban makaranta.